Bokitin Baba Shekari

"Ruwa! Jama'a, famfo ya kawo ruwa!"

Damaris ta saki muciya cikin tuwo ta fito da gudu, ko takalmi babu. Sabon famfon da aka kafa a layinsu na Kakau yana tari yana tofar da ruwa, mata sun yi masa caa da robobi. Ita kuwa Damaris ba a ja da bakinta a layin nan. Ta kutsa ta tara bokitinta, ta tokare wurin.

"Wallahi ba mai ɗanɗanawa sai Baba ya fara sha!"

Ba wanda ya musa. Baba Shekari, maƙwabcinta, shi ya tsufa yana zarya ofis-ofis a kan ruwan nan, har ana tsokanarsa da Ciyaman Famfo. Aka riƙo shi ya fito. Mutumin nan kuma in ya fara addu'a sai ka nemi wurin zama. Kafin a ce amin, famfon ya yi wani gurnani ya ɗauke ɗif. Bokitin Damaris kaɗai ya samu, shi ma bai cika ba.

Ta ɗebo a kofi ta durƙusa ta miƙa masa. Ruwan ya ɗan yi ja.

"Baba, kamar da ƙasa-ƙasa fa."

"Sabon bututu ne, 'yata. Ruwan gwamnati ai da magani yake zuwa."

Ya shanye tas, aka yi ta guɗa, shi ma ya ɗan taka rawa. Damaris ta kai masa bokitin har ɗaki, ta ce nasa ne shi kaɗai. Ya ce shi da ruwan rijiya sun yi sallama ke nan.

Washegari amai da gudawa suka kama shi. Damaris ce ke jinyarsa, don ɗansa Gideon yana aiki a Abuja. Ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ya kau da kai.

"Da na rijiya kika haɗa. Ɗebo mini nawa."

Ta ɗebo. Duk sanda ya nema ta ɗebo, har tana jin daɗi yana sha. Ran da aka sa shi a Keke mai ƙafa uku za a kai asibiti, ko titin Abuja ba su hau ba ya cika a kafaɗarta. Mutumin da ya yi rawa a bakin famfo ran Talata! A layin kowa na tambayar kowa me ya faru.

Ana zaman makoki a ƙarƙashin rumfa, matan zumuntar coci na waƙa, sai ga wani ma'aikacin kamfanin da ya shimfiɗa bututun, Harrison, da jan fenti a hannu. Ya zana ƙaton kuros a jikin famfon, sannan ya matso ya yi gaisuwa.

"Sannunku da haƙuri. Don Allah kada kowa ya sha ruwan nan tukuna. Wancan na gwaji ne, daga kududdufin bayan gari muka jawo don mu ga inda bututu ke yoyo. Ba a wanke bututun ba, ba a sa magani ba."

Waƙa ta tsaya.

"Ba a aiko muku ba? An ce za a sanar a coci ran Lahadi." Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Yesu! Wani ya sha ne?"

Ba wanda ya iya kallon Damaris. Gideon ne kawai, da bai san komai ba, yake tambaya, "Wa ya sha? Ku gaya mini mana!"

 Tsoro ya kama Damaris irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta miƙe, ta bi ta tsakanin kujeru ta shiga ɗakin Baba.

Bokitin na nan a gindin gado, an rufe shi da faranti, kofin a kife a kai. Ta ɗaga farantin. Saura ɗan kaɗan. Laka ta kwanta a ƙasa, saman ya yi garau.