Barsu a Kan Tebur

Tun da safe rana ta fito da faɗa. Zafin Virginia ba irin na gida ba ne, mai ɗanko ne, yana manne wa mutum kamar bargon da aka jiƙa. Dalyop kuwa mutumin Filato ne, a sanyi ya tashi, ga shi sana'arsa ma gyaran iyakwandishan. Amma yau yana tsakiyar wani fili a bayan Woodbridge, ya tsugunna yana watsa wa karensa ruwan ƙanƙara a ciki da tafin ƙafa, shi kuwa gumi har cikin takalmi.

Sunan karen Barsu. Dalyop ya raɗa masa shi ne ranar da 'yan coci suka yi masa dariya, wai dattijo da furfura yana tsere da kare. Wasan ba ɓoyayye ba ne: kare ya tsallake shinge, ya ratsa bututu, ya yi zilliya tsakanin turaku, mai shi na gudu a gefe yana nuna masa hanya da hannu. Duk wannan Barsu ya iya, ko kifi bai fi shi santsi ba. Matsalarsa tebur ce. A tsakiyar tseren akwai ɗan tebur da dole kare ya hau ya tsaya har alƙali ya ƙirga biyar. Barsu bai san tsayawa ba. Ya hau ya diro, a mai da shi ya sake dirowa, har maki ya zube. Gasa uku ke nan tebur na kayar da su.

Matarsa Olive ta riga ta yanke hukunci. "Baban Debbie, yau ce ta ƙarshe. In ya faɗi, ka kwashe min tarkacen shingaye da bututun nan naku daga filin bayan gida. Yakuwa da alayyafo zan shuka." Dalyop bai yi musu ba, don ya san halin matarsa, in ta ce e, ko fasto ba ya mai da ita a'a. Ya fita tun mutanen gida na barci, ko surukarsa Mama Edna bai gaisar ba. Wannan ya ɗan tsaya masa a rai, don tun da tsohuwar ta zo daga Jos, kullum safiya sai ya durƙusa gabanta sun yi gaisuwa mai tsawo, Barsu na kwance a gefensa yana jira a gama a ba shi abinci.

Aka kira lambarsu. Dalyop ya cire wa kare igiya. Ciyawa na tururi, karnukan da suka riga su duk sun koma inuwa harshe a waje.

"To, Barsu. Ka fitar da ni kunya."

Kare ya tashi kamar an harba kibiya. Shinge na farko, na biyu, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya shige bututu ya ɓullo ta can, ya haye katakon lilo ya jira ya sauka da shi. Dalyop na biye, tumbi na rawa, yana ta "nan, nan, maza." Turawa a bayan igiyar 'yan kallo suka fara tafi. A turaku kuwa Barsu ya yi ta lanƙwasa kamar maciji a gona, Dalyop ya ji wani daɗi ya taso masa.

Sai ga tebur, can kusa da igiyar 'yan kallo.

Barsu ya haye. Ƙafafunsa na gaba har sun fara karkarwa, alamar dirowa. Dalyop ya ɗaga kai zai daka masa tsawa, sai idonsa ya faɗa cikin na Mama Edna. Tana zaune a kujerar roba ƙarƙashin lema, tana fifita da kwali, Olive na tsaye bayanta. Ashe sun biyo shi.

Bai yi shawara da kowa ba, gwiwarsa ce ta yi aikinta. Ya durƙusa a ciyawa, ya sunkuyar da kai.

"Mama, ina kwana?"

"Lafiya lau, Baban Debbie. Ka tashi lafiya?"

Yana jin alƙaliyar wasan, wata Baturiya mai malafa, tana ƙirga daga biyar zuwa ƙasa. Ya saci kallo. Barsu ya kwanta shame-shame a kan tebur, ya ɗora haɓa bisa ƙafafu, yana jiran a gama gaisuwa kamar kullum.

"Lafiya lau, Mama. Yaya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne. Yaya aiki? Yaya ƙafar nan taka da..."

Alƙaliya ta ba da izinin tafiya. Nan fa Dalyop ya rasa inda zai sa kansa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yanke wa babba gaisuwa ba, balle suruka. Ga agogo na tafiya, ga Barsu ya miƙe ƙafa kamar mai shirin barci.

Olive ce ta zare masa ido. "Tashi mana, kai wane irin mutum ne?"

"Mama, a gafarce ni, ina zuwa."

Ya zabura, kare ya zabura. Saura shinge uku da wata taya a rataye. Dalyop ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi yana bin zomo a duwatsu, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Barsu ya ratsa taya, ya tsallake shingen ƙarshe, fili ya ɗauki tafi da shewa. Mai riƙe da agogo ya ɗaga masa babban yatsa. Sun shiga cikin lokaci, da ƙyar, amma sun shiga.

Sai da ya tsoma Barsu a bahon ruwa, ya ga ya sha ya huce, sannan ya karɓo koren ƙyallen da ake ba wanda ya ci. Ya zo gaban lema yana haki, ya sake durƙusawa. Barsu ya biyo shi jiƙe sharkaf, ya kwanta a gefe.

Mama Edna ta dube su sama da ƙasa. "Ban gama ba ka gudu. Na ce yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, Mama."

"Na gani ai." Ta nuna Barsu da kwalinta. "Wannan dai ya fi ka tarbiyya."

Olive ta karɓi ƙyallen tana juya shi. "Duk wahalar nan a kan wannan? Ko goge tukunya ba zai yi ba."

"Maman Debbie, yakuwa fa?"

"Zan shuka ta a bokiti." Ta miƙa masa gorar ruwa. "Yaushe ne na gaba?"

"Wata mai zuwa, a Maryland."

Mama Edna ta gyara zama. "To a samo min kujera mai taushi. Kuma a ajiye ni kusa da teburin."