Ranar da Ƙirjin Baba Mai Katifa Ya Yi Shiru

"Baba, miƙo min abin shaƙar nan naka, mutuwa zan yi!"

Direba ne ya faɗo cikin shagon dafe da ƙirji, ya zube a kan tulin auduga. Baba Mai Katifa, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya ajiye ɗinki, ya taso da ƙyar, ya kafa kunne a bayansa.

"Ja numfashi. Saki." Ya saurara. "Ɗana, ƙirjinka fes yake. Ni da asma tare muka tsufa, na san muryarta. In ta zo fito take yi kamar butar shayi, kuma fitar da iskar ne aiki. Kai kuwa haɗiyar iska kake yi kamar za a ƙwace maka. Kana jin kamar kiyashi na bin yatsunka?"

Direba ya gyaɗa kai.

Tsohon ya riƙe hannunsa, ya sa shi ya riƙa hura iska sannu a hankali ta baki, har gumin ya tsaya. Sannan ya yi dariya yana tari. "Ƙato da kai, ka zo za ka shanye wa tsoho magani!"

Tun ranar da motarsa ta kife, wani fasinja ya cika a cinyarsa, Direba bai sake riƙe sitiyari ba, kuma tun lokacin abin nan yake shaƙe shi. Baba ne ya matsa masa ya je asibiti. Likita ya auna, ya ce huhunsa ƙalau, fargaba ce. Daga nan shagon katifa ya zama wurin gudunsa. Da ya ji ƙirji ya fara ɗaurewa sai ya zagayo, su zauna a benci, tsoho na fito, shi yana hura iska.

Wata Talata da hantsi aka wuce da 'yar Baba asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ita kaɗai gare shi. An hana shi bi, saboda tun safe yake tari. Da azahar Direba ya leƙo ya tarar da shi zaune a benci, ya dafe gwiwoyi, rigarsa sharkaf, abin shaƙar yashe a ƙasa.

"Sun... kira?" in ji Baba.

"Tukuna. Lafiya za ta sauka da yardar Allah."

Direba ya durƙusa ya kafa kunne a bayansa, yadda aka sha yi masa. Babu fito. Shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Har wani sanyi ya ji a ransa.

"Baba, yau naka irin nawa ne. Fargabar 'yarka ce. Kawo hannu, mu hura tare."

Tsohon ya ba shi hannun. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta maƙale. Ya girgiza kai kaɗan, Direba ya ɗauka ko kunya ce.

"Haba Baba, ba komai. Kowa na jin tsoro."

Suna nan a haka matar Direba ta shigo da kofin ruwa. Ta dubi tsohon, kofin ya suɓuce mata.

"Maigida, kalli leɓensa! Ya koma shuɗi!"

Motar gidan burodi ce kaɗai a layin, mai tuƙa ta ya fita cin abinci. Mai burodin ya jefo wa Direba makulli. Direba ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu, kiyashin nan ya fara bin yatsunsa.

"Shiga mana!" matarsa ta daka masa tsawa.

Ya shiga. Ƙirjinsa ya ɗaure tun a kwanar farko, hanya ta riƙa rawa a idonsa, amma bai ɗaga ƙafa daga totur ba. A baya, tsakanin kwandunan burodi, matarsa na tallafe da kan tsohon tana ta kiran, "Baba, Baba, mun kusa."

A asibiti aka karɓi tsohon da gudu. Direba ya zauna a baranda har inuwa ta fara tsawo. Da wata likita ta fito, tun daga yadda ta cire safar hannu ya gane Baba ya cika.

"Na saurari ƙirjinsa," ya ce. "Babu fito. Na ce masa tsoro ne."

Likitar ta zauna kusa da shi. "In asma ta kai maƙura, fiton kan ɗauke. Iskar da za ta yi ƙarar ma ba ta samun hanya. Mutane da yawa ba su sani ba."

"Da na kawo shi tun da na leƙo fa?"

Ta dube shi. "Ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

A hawa na sama na asibitin, kafin la'asar, 'yar Baba ta haifi mace. Sai washegari aka gaya mata.

Bayan an sallamo ta, ta roƙi Direba ya buɗe shagon ya kwaso mata kayan mahaifinta, ita ba za ta iya shiga ba. Ya tura ƙofar, rana ta shigo, ƙurar auduga ta tashi tana yawo a cikin hasken. Ya naɗe yadudduka, ya tara almakasai a kwali. Can bayan injin ɗinki ya ga wata 'yar katifa da ba ta wuce tsawon hannunsa ba, mai yadi shuɗi da ƙananan furanni. An ɗinke gefe uku. A na huɗun auduga na leƙowa, babbar allura na soke a ciki, zarenta na reto.