Sifirin ɗin Injin Fatsar Malam Sajo

"Malam, abin nan zai kuɓuce maka," in ji Ummukulsum, mai ɗakina. "A kan yashi fa ka shimfiɗa tabarma."

Na ce mata shekarata ashirin da biyu ina gyaran keken ɗinki a Gumel, ko sukuru ɗaya bai taɓa ɓace mini ba. Ta ce to, ta koma bakin murhu.

Amma gaskiyarta ce. Abin da ke gabana injin fatsa ne, wani ɗan baƙin ƙarfe mai mariƙi da ake ɗaurawa a jikin sanda yana naɗe zaren kamun kifi. Ban taɓa buɗe irinsa ba. Mu a nan ina muka ga kogi? Mai shi kuma Malam Sajo ne na Gagarawa, mahaifin Aminullahi, malamin firamaren da ke neman 'yata ta fari. Ranar Alhamis ce, jibi Asabar kuma ƙannen Malam Sajo za su kawo goron tambaya wurin yayana.

Ba na kama sunan yarinyar, 'yar fari ce. Laƙabinta Kyauta, don sai da muka shekara shida da aure kafin Allah ya ba mu ita. Ko laƙabin ma a takarda kawai nake iya sa shi, a baki yarinyar nan nake cewa. Ban taɓa tambayarta ko tana son yaron ba, amma ina ganin yadda take sake shara a zaure duk ranar da zai zo.

Da safiyar ranar Malam Sajo ya tsaya a shagona a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Maigatari. Ya kwance injin daga cikin tsumma kamar mai kwance jariri.

"Wani Bafaranshe da na yi wa gadi a Yamai ya bar mini shi, shekara arba'in ke nan," ya ce. "Duk kaka, in an gama girbi, ni da injin nan muke tafiya kogin Haɗeja. Ka ga wannan wayar mai kama da baka? Da can in na juya mariƙi sai ta ce ƙas, ta rufe, ta kama zare. Yanzu ta saki jiki kamar kunnen akuya. An ce hannunka na da albarka, Malam Ɗalha. Bayan la'asar zan biyo."

Ban iya cewa ban san kansa ba. Na rufe shago na taho gida da injin, don kada 'yan zaman benci su taru a kaina.

Na kwance sukuru biyu, na sa farce na ɗaga murfin da ke gindin wayar. Sai na ji wani abu ya ce ting, ya goge mini kunne ya wuce. Na leƙa ramin, wayam. Ashe akwai ɗan sifirin a ciki, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, a ɗame, shi ne mai mayar da wayar, kuma ko kamanninsa ban gani ba.

"Innalillahi," na ce.

"Ya tafi?" in ji Ummukulsum, ba ta ko waiwayo ba.

"Kada kowa ya motsa! Kada wanda ya taka ƙasa!"

"To, a iska za mu tsaya?"

Duk da haka ta ɗauko rariyar garinta, ni kuma na ciro mayen ƙarfe daga sifikar tsohuwar rediyo. Muka raba tsakar gida da sanda gida-gida kamar masu rabon gona. Tana rairaya, ina jan mayen ƙarfe. Muka samo allura huɗu, da maɓallin rigar sallata, da ɗan kunnen da ta shekara biyu tana zargin wata baƙuwa da shi. Ta yi guɗa, ta yi istigfari, ta maƙala shi nan take. Sifirin dai babu. Wata jar kazarmu tana tsaye a gindin darbejiya tana haɗiyar wani abu, Ummukulsum ta ce ita dai ba ta yarda da kazar nan ba.

Ni dariya ba ta zo mini ba. Ina ganin Malam Sajo a zaurensa yana gaya wa ƙannensa cewa gidan sakaci ne, abin da ya riƙe shekara arba'in sun salwantar da shi kafin azahar, a dakata da goron nan tukuna. Na faɗa wa Ummukulsum haka.

"Kai Malam," ta ce, "'yarka za su aura ko sifirin?"

Ana kiran azahar yarinyar ta dawo daga wurin ɗinki. Ta tarar da uwarta fari fat da ƙura, ni kuma a durƙushe. Ta ɗauki injin ta kai shi haske, ta daɗe tana kallon ramin. Tun tana ƙarama take zama a bayana ina kwance kekuna, ban san iyakar abin da idonta ya kwasa ba.

"Umma, ki ce wa Baba ramin zagaye ne, da 'yan huji biyu. Sifirin ɗin naɗi ɗaya ne ko biyu, da ƙafa biyu."

Taku uku ne tsakaninmu. Na ce, "Ki ce wa yarinyar nan na gani. A ina za a samo shi? Ko a Kano sai an sha yawo."

"Ni kuma na zama wayar salula ke nan," in ji Ummukulsum.

Yarinyar ta zare fil ɗin da ta maƙale mayafinta da shi, irin mai kulle ɗin nan, ta ɗora a tafin hannu ta nuna wa uwarta gindinsa. Sai a lokacin na lura, gindin fil naɗi ne da ƙafa biyu.

Na miƙa filaya ta hannun uwar. Yarinyar ta datse kan fil ɗin, ta datse tsinin, ta fara lanƙwasa bakin ƙafafun don su shiga huji. Na farko ya karye. Ta ciro na biyu daga kayan ɗinkinta, ya zauna daram, amma da muka gwada sai wayar ta riƙa buɗewa maimakon rufewa, ashe a baibai ta lanƙwasa shi. Ta rufe baki tana dariya. Ummukulsum ta kwance na uku daga bakin zaninta tana cewa a dai rubuta, gidan Malam Sajo sun ci mata fil.

Wannan karon yarinyar ta lanƙwasa shi daidai, ta kawo farar leda ta buhun sukari, ta ce wa uwarta a ce mini in sa hannu da injin duka a ciki kafin in danna, in ya yi tsalle ba shi da wurin zuwa. Na bi umarni. Na danna, na mayar da murfi, na ɗaure sukuru, na ɗiga man keke. Na buɗe wayar, na juya mariƙi.

Ƙas!

Sau goma sha ɗaya na juya, ina ƙirgawa. Na dubi yarinyar, na kau da kai. Na ce wa uwarta, "A ba ta hantar kaza ranar salla."

Bayan la'asar Malam Sajo ya sauka daga Keke Napep da rago a ɗaure. A zaure na yi niyyar in miƙa masa in yi shiru, amma da ya juya mariƙin ya ji ƙas, fuskarsa ta washe, sai na kasa. Na faɗa masa komai, har da kazar.

Ya yi dariya har hularsa ta zame. "Wanda ya gudun ma ba na Bafaranshe ba ne! Wayar lema ce, wani mai gyaran agogo ya sa mini a Damagaram. Wannan ya fi shi kaifi. Aikin wa ne?"

"Yarinyar nan."

"Wace yarinya? An ce 'ya'ya mata uku gare ka."

"Ita dai, yarinyar nan."

"Au, ta yaron nan?" Shi ma Aminullahi ɗan farinsa ne, ba ya kama sunansa. Muka dubi juna, muka sake fashewa.

Ya ce sai ya gwada. Ya ɗaure injin a jikin sandar kiwonsa da roba, ya ɗaura noti a bakin zare, ya fita ƙofar gida ya wurga. Zaren ya tafi yana kuka, ya tsallake titi, notin ya faɗa cikin kwandon mai tallan yalo ya maƙale. Malam Sajo ya juya mariƙi, wayar ta rufe, kwandon ya taho yana jan ƙasa, mai yalo na binsa yana salati. Da ƙyar muka ba shi haƙuri, Malam Sajo ya sayi yalon da ya zube ya raba wa jama'a.

Da zai hau Keke Napep ya riƙe hannuna. "Asabar suna tafe, in Allah ya yarda. Amma ka gaya wa surukata, in fil ɗinta ya saki ina tsaka da jan giwan ruwa, da kaina zan dawo maka da ita ta sake wani."

Asabar goro ya zo, yayana ya karɓa, an sa rana bayan babbar salla. Maganar dawo mini da yarinyar kuwa, Ummukulsum ta ce wasa Malam Sajo yake yi, ni ma na san wasa ne. Sai dai fil ba don ruwa aka yi shi ba, kuma na manta ban ce masa ya riƙa shafa mai ba. Shekaranjiya aka ce ya tafi Haɗeja da sandarsa. Ko fil ɗin ya riƙe, ko ya yi tsatsa ya karye, har yanzu ba mu ji ba.