Shafi na Sha Tara a Littafin Baba Zainu

Kubra ba ta ko tsaya rufe shagon ɗinkinta ba. Ta tsallaka kwata da littafin a hannu, ta yi sallama a zauren Baba Zainu, ta shiga tun kafin a amsa.

"Baba, ka ga abin da na tarar ana sayarwa a kasuwar Taminus?"

Tsohon yana kishingiɗe a kan katifar da aka fito masa da ita zaure tun lokacin da ƙafafunsa suka kumbura, don ya ce ba zai kwanta a ɗaki yana kallon silin ba alhali titi na nan. Sunansa Zainulabideen, amma duk unguwar Dutse Uku da Baba Zainu mai gyaran keke aka san shi. Shekara hamsin ya yi yana gyaran keken ɗinki a wannan zauren. Shekara ashirin da biyar da suka wuce ya rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in a kan ciwace-ciwacen keke da maganinsu, ya zana hotunan da hannunsa, ya buga kwafi ɗari biyar, teloli suka saye. Littafin ne Kubra ta miƙa masa, sai dai an yi masa sabon bango mai sheƙi, kuma babu sunan kowa a jiki.

Ya sa tabarau, ya shiga buɗawa a hankali. Kubra ta zauna a bakin benci tana jiran ya yi faɗa. Shi kuwa ya ci gaba da buɗawa har ya kai shafi na sha tara. A nan ne ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana uku bai yi da kansa ba.

"Sun juya allurar," in ji shi.

"Baba, sunanka fa suka cire."

"Na gani, 'yata. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma dubi nan." Ya ɗora yatsa a kan zanen. "A irin keken nan namu, gefen allura mai lebur dama yake kallo. Su sun kifa hoton, ya koma hagu. Duk yarinyar da ta bi wannan, kekenta zai yi ta tsallake ɗinki yana tsinka zare. Za ta zauna ta yi kuka ta ce kekenta ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau."

Kubra ta san irin wannan kukan. Shekara goma sha biyu baya, da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tsohon keken da ko motsi ba ya yi, zauren nan ta kawo shi. Baba Zainu bai gyara mata ya miƙa ba. Zaunar da ita ya yi kwana biyu, ya sa ta kwance keken da hannunta ta mayar, ta sake kwancewa, har sai da ta san kowane noti da mazauninsa.

Da la'asar Lukuman, ɗan Baba, ya dawo daga aiki. Direban bas ne tsakanin Jos da Bukuru, mutum ne mai saurin hawa. Da ya ga littafin sai ya buga shi da ƙasa.

"Wallahi sai kotu ta raba mu. Kuma ba su kaɗai ba. Akwai wani Dalyop a Bukuru, mai gyaran keke, kullum yana sakin bidiyo a waya yana koyar da gyara. Na kalla, Baba, duk dabarunka ne. Shi ma ɓarawo ne."

"Ɗauki littafin daga ƙasa," in ji Baba. "Akwai bisimilla a shafin farko. Ita dai ba su cire ba."

Kubra ce ta tuna da Barista Adaku, lauyar da take yi wa ɗinki, haifaffiyar Anguwan Rukuba. Ta kira ta. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta, ta cire takalmi a bakin zaure, ta durƙusa ta gaida tsohon da Hausarta ta Jos.

Lukuman ne ya fara. "Barista, abin da nake tsoro ɗaya ne. Baba bai yi wa littafin nan rajista a ko'ina ba."

"Ba dole ba ne," in ji ta. "Doka ba ta ce sai ka yi rajista ba. Ranar da Baba ya zauna ya rubuta da kansa, ya zana da kansa, ranar haƙƙin ya zama nasa. Shi ake kira haƙƙin mallaka. Ba wanda zai buga, ko ya kwafa, ko ya sayar sai da izininsa. Abin da zai taimake mu shi ne shaida. Baba, kana da rubutun farko?"

Baba ya nuna ƙarƙashin teburin aiki. Kubra ta jawo wata akwatin ƙarfe mai tsatsa, ta buɗe. A ciki akwai littattafan rubutu guda huɗu irin na 'yan firamare, cike da rubutun biro shuɗi, kowane babi da kwanan watansa. Zanen allurar nan sau bakwai ya yi shi, ya soke shida. Adaku ta daɗe tana juya shafukan.

"Wannan ya isa har ya yi yawa," in ji ta.

"To, shi Dalyop fa?" in ji Lukuman.

"Ya karanta maganar Baba a bidiyon? Ya nuna zanen littafin?"

"A'a. Da bakinsa yake bayani, da kekensa. Amma dabarar..."

"To ba ka da ƙara a kansa. Oga Lukuman, ka ji ni da kyau. Doka tana kare yadda Baba ya jera maganarsa, da hoton da ya zana. Ba ta kare dabarar kanta. Yadda ake saita allura, yadda ake ɗaure bel, wannan ilimi ne, kowa zai iya koya ya koyar da nasa bakin. Da dabara tana da mai ita, da ko Anti Kubra sai ta nemi izini kafin ta gyara kekenta."

Lukuman ya tsuke fuska. Baba kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, Kubra ta ba shi ruwa.

"Dokar nan tana da hankali," in ji shi da numfashinsa ya dawo. "Lukuman, kana tsammani da dabarar aka haife ni? Wani Onyebuchi ne ya koya mini a Bukuru, ina ɗan shekara sha tara. Shekara huɗu ina gabansa, bai taɓa ɓoye mini komai ba. Shi ma wani ne ya koya masa. Ka ƙyale Dalyop ya yi aikinsa." Ya juya ga lauyar. "Barista, in na mutu fa? Shi ke nan kowa ya ɗauka?"

"A'a, Baba. Haƙƙin rubutu yana nan duk tsawon ranka, da kuma shekara saba'in bayan haka. Magada ne za su riƙe. Bayan saba'in ɗin sai ya zama na kowa."

"Saba'in! Ashe littafin zai wuce ni a shekaru." Ya gyara tabarau. "Sunana kuma, da hoton da suka juya?"

"Duka biyun doka ta san da su. Kana da haƙƙin a ambaci sunanka. Kana da haƙƙin ka hana a lalata aikinka ta yadda zai zubar maka da mutunci."

"To rubuta."

Ta fito da takarda. Baba ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakanin jimla da jimla. Ya ce dole mai maɗaba'ar da ya yi wannan aikin, ko wane ne shi, ya janye abin da ya buga. In yana son bugawa, ya zo ya zauna da iyalin, ya mayar da suna, ya gyara shafin. Sannan duk wata makarantar koyon ɗinki ko ƙungiyar teloli da ke son yi wa ɗalibanta fotokwafi, ya yarda, kyauta, muddin ba sayarwa za su yi ba, ba su cire suna ba, kuma ba su taɓa ko layi ɗaya ba.

"Baba," in ji Lukuman, muryarsa ta sauko, "shi ne fa kawai abin da za ka bar mana."

"Sayarwa taku ce, ban taɓa ta ba. Amma wadda ba ta da halin saye, ba zan tafi in bar ƙofa a rufe a gabanta ba. Ka yi haƙuri da ni a kan wannan."

Lukuman ya sunkuyar da kai. Da aka zo sa hannu, shi ne ya tallafe wa tsohon gwiwar hannu har ya gama. Kubra ta sa nata a matsayin shaida.

Adaku ta bi sawun littafin daga mai tebur a kasuwa har zuwa wata ƙaramar maɗaba'a, ta aika da wasiƙa. Kwana goma babu amsa. A cikin kwanakin jikin Baba ya ƙara nauyi. An kai shi asibiti, ya kwana uku, likita ya ce zuciyar ta gaji, a mayar da shi gida. Kullum Kubra ta kawo masa kunun gyaɗa da safe, tambayarsa ɗaya ce: "Sun amsa?" Ita kuma ta ce tukuna, ta koma shago ta kasa taka keke.

A rana ta sha ɗaya mai maɗaba'ar ya zo da kansa, hularsa a hannu. Ya ce wani ne ya kawo masa aikin, ya ce masa marubucin ya daɗe da rasuwa.

"Ka kusa yin gaskiya," in ji Baba. "Ka dai yi sauri."

Mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya amince da komai, aka rubuta, ya yi alkawarin kawo gwajin sabon bugu a gani kafin a buga.

Ranar Alhamis gwajin ya iso. Baba ba ya iya riƙe takarda, don haka Kubra ce ta durƙusa a gefen katifa tana buɗe masa shafi-shafi, shi kuma yana bi da gilashin ƙara girma da yake duba haƙoran keke da shi. Da suka kai shafi na sha tara ya ce ta kawo allura ta gaske. Ta ciro ɗaya daga gefen mayafinta, ta ɗora a kan zanen. Gefen lebur ya kalli dama, na zanen ma haka.

"Madalla," in ji shi.

A shafi na talatin da ɗaya ya tsayar da ita. An rubuta kalmar ƙoshiya, wato ma'ajiyar zaren ƙasa ta keke, babu lanƙwasa a kan harafin farko. Ya sa ta zagaye da biro. Daga nan ta juya masa bangon. Sunansa na nan da manyan baƙaƙe, Zainulabideen na Dutse Uku. Ya daɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi.

"Kubra, akwai fili a shafin farko, ƙasan bisimilla?"

"Akwai, Baba."

"Rubuta: Onyebuchi na Bukuru ne ya koya mini wannan aiki. Iyakar abin da za ki rubuta ke nan, don ban taɓa tambayar sunan mahaifinsa ba. Wancan karon na manta ban sa shi ba, shekara ashirin da biyar abin yana cina."

Ta rubuta, ta karanta masa. Ya lumshe ido, ya ce ta je ta buɗe shago, mutane na jiran kayansu.

Ranar Asabar da hantsi ya cika, Lukuman na riƙe da hannunsa. Kubra tana tsakiyar yanka atamfa ta ji salati daga zauren, ta ajiye almakashi. Bayan azahar aka kai shi. Ranar babu telan da ya taka keke a layin, daga bakin masallaci har gangaren dutse. Daga baya Lukuman ya gaya mata har Dalyop ya zo gaisuwa daga Bukuru, sun yi musabaha.

Kwana tara da rasuwar, ana yayyafi, Kubra na zaune a shago ta hango wata mata ta tsaya a ƙofar zauren da ke rufe. Ta ɗauko kan keken ɗinki a ka, an naɗe shi da tsohon zani.

"Sannu, Madam," in ji matar. "Na zo daga Anguwan Rukuba. An ce nan ne gidan Baba mai gyara."

"Nan ne. Allah ya yi masa rasuwa."

Matar ta yi tsaye, ruwa na ɗiga daga bakin zanin. "Ayya. Allah ya ji ƙansa. Kuma gobe zan ba da kayan makaranta na yara."

"Shigo daga ruwan," in ji Kubra.

Ta ture atamfar da ke kan tebur gefe, suka sauke kan keken tare. Kubra ta kwance zanin, ta juya ƙafar keken da tafin hannu, ta kara kunne tana saurare. Matar ta zauna a bakin benci, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Matso kusa," in ji Kubra, tana laluben sukundireba a aljihun tebur. "Riƙe nan. Ke za ki kwance."