Tarwaɗa Mai Doro a Fadamar Gummi

Ubaidullah ɗan gidan masunta ne, amma da kamun gulbi ya ja baya sai ya haƙa tafki biyu a fadamarsa ta bayan Gummi, ya shiga kiwon tarwaɗa. Shekara huɗu yana yi, ba yabo ba fallasa, har ranar da wani mai sayar da 'ya'yan kifi, Surajo, ya iso da jarkoki ɗaure a bayan babur.

"Wannan ba irin da ka saba ba ne," in ji Surajo. "A jikin kowane kifi akwai wata ƙwayar halitta mai ce wa tsoka ta tsaya haka nan. Kamar linzami take. To, su waɗannan kifayen, masana sun zare musu linzamin tun suna ƙwai. Kuma ba sa haihuwa, ka kwantar da hankalinka."

Ubaidullah ya karɓi ɗari uku, ya zuba a ƙaramin tafki.

Kafin wata uku sun yi kaurin damtsen ƙato. Bayan kan kowanne tsoka ta taso kamar tozon bijimi. Ya kama guda ya kai gida cikin murna, ya miƙa wa matarsa Habsu. Ita mutuniyar Dareta ce, kuma ƙannenta biyu ta rasa a shekarar da gubar dalma ta ci yaran garinsu. Ta tsaga kifin, ta tarar da ƙashin bayansa a lanƙwashe, nama ya danne shi ta kowane gefe. Ta ajiye wuƙar.

"Malam, wanga kihi ba ya shiga tukunyata," ta ce. "Mu ma dutsen zinari anka kawo muna har tsakar gida, anka ce ga arziki. Da hannunmu munka daka shi."

Ya yi dariya, ya ce tsoro ne irin nata. Amma shi ma bai ci ba.

Daga nan al'amarin tafkin ya fara sauyawa. Komai yawan abincin da ya watsa, kafin ya juya sun lashe. Ruwan ba ya kwanciya ko da tsakar rana. Ya riƙa tsintar kawuna a gefe, babu gangar jiki, ya gane junansu suke ci. Rannan da hantsi ya sa komar kamun kifi don ya ga nawa suka rage, sai ta fito da 'yan ƙanana kamar yatsa, birjik, kowanne da ɗan doronsa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu suna wutsil-wutsil a tafin hannunsa. Ya kira Surajo ya fi sau goma, layin a kashe.

Damina ta riga ta yi nisa, tsakanin tafkin da gulbi kuwa bai fi taku ɗari ba. Ya ɗebi ƙananan a ƙwarya ya nufi gidan Tsoho, dattijon da masuntan yankin ke jin maganarsa. Tsoho ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ya juya shi, ya mayar.

"Ɗan nan, mi ka aje muna bakin gulbi? Shekara sittin ina su, ban taɓa ganin wagga halitta ba. In ta shiga ruwa, wa za ya hiddo ta? Jibi in tara maka mutane mu kwashe su, ko guda kada ya saura."

Ruwa bai jira jibi ba. Ashe an kwana biyu ana tafka shi can wajen Anka da Bukkuyum, alhali a Gummi ko ɗigo ba a yi ba. Washegari da azahar, rana tarwai, gulbi ya taso jajawur ya haye fadama. Ubaidullah yana tsaye kan tudu ya ga gefen ƙaramin tafkin ya zube kamar gari. Ya faɗa ruwan har ƙirji da koma a hannu, yana jin manyan suna bugun ƙafafunsa suna wucewa. Masunta suka zo da taru, aka yi ta ja har la'asar sakaliya. Goma sha ɗaya aka samu. Ƙananan kuwa ko ɗaya.

Bai sake zuba kifi ba, tafkunan suka zama wurin kwaɗi. Kullum da safe yakan je mashaya ya tsaya yana leƙen abin da jiragen masunta suka sauke, yana juya kowace tarwaɗa ya duba bayan kanta. Wani lokacin ya ga kamar da ɗan tudu, wani lokacin ya ce idonsa ne.

Da ruwa ya janye, masunta suka fara kukan kifi ƙarfasa ta yi wuya, wadda a da ake ɗiba kamar ƙasa. Wasu suka ce ambaliyar ce ta tafi da ita. Babu wanda ya ambaci sunan Ubaidullah. Sai dai da ranar kamun kifi na gayya ta zo, aka bi gida-gida ana sanar da mutane, mai sanarwar ya tsallake ƙofarsa.