Sunan Anti Paulina a Shafi na Goma Sha Ɗaya

Paulina tana tsakar gida tana baza citta a kan tabarma lokacin da wayarta ta yi ƙara. Shekara biyu ke nan da ta ajiye aikin nas a Kafanchan, bayan shekara talatin da biyar tana fama da marasa lafiya, kuma tun daga lokacin babu mai kiranta da safiyar Talata sai matan zumuntar coci. Ta goge hannu a zani ta ɗauka.

"Ina kwana, Mama. Sunana Rahmatu, daga ofishin da ke kula da shirin gwamnati na saka wutar sola a ƙananan asibitocin karkara. Da Madam Paulina Kumai nake magana?"

"Ita ce. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ina tantance takardun 'yan kwangila ne. Kamfanin wani Samson ya rubuta sunanki a matsayin jami'ar kula da lafiya da tsaron ma'aikatansa. Haka ne?"

Samson ɗan ƙanwar Paulina ne, da hannunta ta karɓi haihuwarsa. Ranar Lahadi ma ya zo ya cinye mata kwanon acca, amma bai ce mata komai a kan wannan ba.

"Tunda ya rubuta, ni ce," in ji ta.

"Madalla. To akwai horo na kwana biyu a Kaduna, Alhamis da Juma'a. In babu takardar shaidar horon, fayil ɗinsu ba zai motsa daga teburina ba."

Da la'asar Samson ya iso tare da abokin aikinsa Zubair, wanda shi ne gwanin waya a kamfanin. Kamfanin kuwa mutum uku ne da tsohuwar mota ɗaya. Samson ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye wata jakar leda cike da takardu, ya fara bayani tun kafin a tambaye shi. Wata uku yana harhaɗa su. Ga rajistar kamfani, ga inshorar ma'aikata, ga shaidar ƙwarewar Zubair, ga hotunan ayyukan da suka yi a baya, har da wasiƙar dagaci. Sau biyu ana maido masa da fayil, sau ɗaya saboda hoton fasfo ɗinsa bai fito da kunnuwa ba. Da ya kai shafi na goma sha ɗaya, aka ce sai an rubuta sunan mai kula da lafiyar ma'aikata, wanda ya san taimakon gaggawa.

"Sai na tuna da ke, Anti. Suna ne kawai. Ba abin da za ki yi, ki zauna a gida ki huta abinki."

"Na ce maka na gaji ne?"

"A'a, Anti."

"Samson, shekara talatin da biyar ban taɓa sa hannu a kan allurar da ban yi ba. Yanzu da furfura zan fara?"

Zubair ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Mama, na gaya masa ya fara tambayarki."

"Kai ma da ka gaya masa, ai da ka zo ka gaya mini. Jibi da asuba ku zo ku kai ni tasha."

A wurin horon ita kaɗai ce mai furfura, sauran duk samari ne masu manyan wayoyi. Ta zauna a layin gaba da sabon littafi da biro biyu. Ta koyi yadda ake kafa tsani da ɗaure shi, da dalilin da ya sa ake kulle makunnin wuta kafin a taɓa waya, da yadda ake zagaye wurin aiki a rubuta duk abin da zai iya cutar da mutum tun kafin a ɗaga guduma. Da aka zo kan farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, ta ga malamin yana danna ƙirjin mutum-mutumin roba a wurin da bai dace ba. Ta ɗaga hannu, ta roƙi izini, ta durƙusa ta nuna. Malamin ya ja kujera ya bar mata sauran darasin. Ranar Asabar ta kamo hanyar gida da takardar shaida mai tambari da farar hular kwano a kan cinya, ba ta yarda an saka ta a but ɗin mota ba. A Mararaban Rido wata mai sayar da ayaba ta leƙo ta taga ta ce mata "Injiniya", ita kuwa ba ta gyara mata ba.

Mako uku bayan haka takardar izinin fara aiki ta fito. An ba su wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke bayan Madakiya, gini mai ɗaki huɗu da rufin kwano, da ƙaton mangwaro a gaba. Wadda ke riƙe da asibitin, Joanna, tana ganin Paulina ta saki ihu ta rungume ta, domin a hannun Paulina ta koyi aiki. Ta nuna musu sabon firjin allurar rigakafi da ya shekara a cikin kwali saboda babu wuta. Duk ranar rigakafi sai an ɗauko magani daga Kafanchan a kan babur cikin akwatin ƙanƙara, in rana ta yi zafi kuma a yi ta addu'a.

Samson ya riga ya sauke farantan sola ya jingina tsani, Paulina ta ce a dakata. Ta jera su ukun a gabanta. Boaz, ma'aikaci na uku, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya zo da silifas.

"Ina takalmanka na aiki?"

"Suna mota, Mama. Suna matse mini yatsa."

"Gara su matse shi da faranti ya faɗo ya raba ka da shi. Je ka saka."

Kowa ya saka hula da safar hannu. Ta sa aka ɗaure tsanin a sama da ƙasa, ta ja igiyar ƙugu da ƙarfinta ta gwada. Samson ya duba agogo ya duba sama, inda hadari ke taruwa ta wajen duwatsun Kagoro.

"Anti, kwana uku kawai suka ba mu. Yanzu dai za mu iya hawa?"

"Saura takardar zagaye."

"Wannan ai kowa a mota yake cika ta. Babu haɗari, babu haɗari, a sa hannu."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki allon takardarta ta fara zagaya ginin a hankali, Joanna na biye da ita. Ta rubuta cewa murfin rijiya ya tsage. Ta rubuta cewa akuyoyi na shigowa. Da suka kai bayan ɗakin magani, ta tsaya ta karkata kai.

"Joanna, mene ne wannan ƙugi?"

"Mun daɗe muna jin sa, Sista. Na ɗauka iska ce ke shiga kwano."

Paulina ta ja da baya ta ɗaga kai. A ƙarƙashin bakin rufin akwai wani rami da bai fi bakin kofi ba, ƙudan zuma na shiga suna fita kamar ranar kasuwa. Ta kira mazan. Zubair ya buɗe zanen aikin ya duba, sai fuskarsa ta canza. Ta cikin silin ɗakin nan ne zai rarrafa ya ja waya, kuma a daidai saman wurin ne Boaz zai fara huda kwano.

"Innalillahi," in ji Zubair. "Mama, ni fa ko ɗaya ce ta harbe ni sai fuskata ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mini wuya. Sau ɗaya sai da aka kwantar da ni."

"Ran nan da nake cika takardar lafiyarku na tambaye ka ko akwai abin da jikinka ba ya so, me ka ce mini?"

"Na ce wake."

Boaz ya fashe da dariya, har Samson ma. Amma dariyar Samson ba ta yi nisa ba. Ya sake kallon ramin, ya kalli Zubair, ya je da kansa ya kwance tsanin ya kwantar da shi a ƙasa.

Joanna ta aika aka kira Baba Azariya, wani tsoho mai amya a gindin dutse, wanda duk zumar ƙauyen daga hannunsa take fitowa. Ya kara kunne a bango ya saurara, ya ce waɗannan sun shekara uku a nan, kuma ba za a taɓa su da tsakar rana ba, sai gobe da sassafe. Ba zai ƙone su ba, zai kwashe su ne har da uwarsu ya kai amyarsa. Paulina ta ce ta yarda, amma duk wanda zai hau tsani a wurin nan sai an rubuta sunansa, kuma sai ya saka hula.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake hawan itace."

"Na sani, Baba. Amma gwamnati ba ta sani ba. Ka taimake ni."

Washegari gari na wayewa aka fito da marasa lafiya biyu da ke kwance aka zaunar da su ƙarƙashin mangwaro. Zubair kuwa Paulina ta kulle shi a mota, gilashi a rufe, yana kallo kamar wanda aka kama. Baba Azariya ya lulluɓe kansa da tsohon gidan sauro, ya ɗora farar hular Paulina a sama, ya hau da tukunyar hayaƙi. Rabin ƙauyen ya taru daga nesa. Kafin ƙarfe tara ya sauko da bokiti biyu na saƙar zuma da wani kwando a rufe yana ƙugi. Mutum ɗaya kawai aka harba, Samson, a kan hanci, saboda ya matso ɗaukar hoto. Paulina ta kankare masa ƙarin zumar da gefen katinta na shaida, ta shafa magani, ta buɗe littafin rauni ta rubuta sunansa a layin farko.

"Har wannan ma sai an rubuta, Anti?"

"Da kwanan wata."

Kwana ɗaya da rabi suka rasa, don haka sai an cika takardar neman ƙarin lokaci da dalili. Samson, hancinsa kamar tumatir, ya ce a rubuta ruwan sama, tunda ko ba komai an ɗan yi yayyafi. Yana tsoron kada ofis ya ce bai iya tsara aiki ba, ya hana shi na gaba. Paulina ta rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ta sa ya aika da hotunan da ya sha harbi a kansu.

Ranar Juma'a Rahmatu ta zo duba aiki. Siririyar mace ce mai tabarau, hular kwano a kan hijabi. Ta gaishe da Paulina har ƙasa, ta zauna a benci ta karɓi fayil. Shafi biyu sun manne da juna, sai da ta sa farce ta raba su, ta shinshina yatsa, ta ɗago kai.

"Baba Azariya ne ya dangwala hannu," in ji Paulina.

Rahmatu ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce wannan ne wuri na goma sha huɗu da ta duba a watan nan, kuma duk sauran sun rubuta mata babu haɗari daga sama har ƙasa, kamar a aljanna suke aiki. Ta ce fom ɗin ba shi da gurbin zuma, za ta saka shi a ƙarƙashin "sauransu", ƙarin kwana biyun kuma an amince.

Amma ba ta sa hannu nan take ba. Ta hau tsani ta duba ɗaurin farantan, ta bi wayar ƙasa har inda aka binne ta, ta shiga ɗakin batir. Can ta ce babu alamar gargaɗi a ƙofa, kuma tukunyar kashe gobara an rataye ta inda Joanna ba za ta kai ba sai ta taka kujera. Paulina ta ji kunya ƙwarai, domin ta wuce ta gaban tukunyar nan ya fi sau goma. Ta ce laifinta ne. Boaz ya sauko da ƙusar, Zubair ya rubuta gargaɗin da jan fenti cikin Hausa da Turanci, sannan Rahmatu ta buga tambari.

Zubair ya ɗaga makunni. Fitilar baranda ta kama da rana tsaka, firjin ya yi gyaran murya ya fara aiki. Joanna ta ɗora tafin hannu a jikinsa ta ce, "Mun gode wa Ubangiji." Matan da ke waje suka rangaɗa guɗa. Aka kawo gasasshiyar doya, aka zuba zuma a faranti, kowa ya sa hannu, Rahmatu ma aka cika mata kwalba ta kai gida.

Suna loda kaya a mota, Samson ya matso kusa da ita yana sosa ƙeya.

"Anti, sun ce akwai wani asibitin ta wajen Kasuwan Magani, wata mai zuwa. In ba za ki gaji ba."

"Ranar Laraba ina da koyon waƙa a coci. Ƙarfe uku za a tashi aiki."

"To, Anti."

Ta ɗora ƙafa za ta shiga mota ke nan sai wata tsohuwa ta riƙo mata hannu. Labari ya bazu cewa tsohuwar nas ta Kafanchan tana gari, ga mata sun yi layi a baranda da goyo, wasu da katin awo a hannu. Tsohuwar ta ce ita dai a auna mata jini, jiri ke damunta tun shekaranjiya. Joanna ta leƙo daga ƙofa da abin awo a hannu tana murmushin roƙo.

Paulina ta miƙa wa Samson allon takardunta, ta naɗe hannun riga.

"Minti goma," in ji ta.

Samson ya ƙirga matan da ke layi, ya kai ashirin da uku. Ya kashe mota, ya ce wa Boaz ya miƙo sauran doyar.