Sunan da Asibiti Ta Raɗa

Kwana biyu ya rage a yi suna, Inna Salamatu ta sauka daga moto, wato babur ɗin haya, a bakin ƙaramar asibitin haihuwa da ke bayan Titin Koudoukou. Ko mayafinta ba ta gyara ba ta faɗa ofis.

"Ina limamin gidan nan?"

Madam Solanj, mai riƙe da takardu, ta ɗago kai. "Mama, ai nan asibiti ce."

"Au, asibiti ce? Na ɗauka masallaci ne, tunda har suna kuke raɗawa. Ina ragon? Ko shi ma a waya kuka yanka?"

Abin da ya faru shi ne, ranar da 'yarta Ikram ta haihu, wata nas ta tsare Inna da takarda, wai sai an faɗi sunan jariri. Jaririn awa biyu, wane suna gare shi? Don a rabu da ita, Inna ta ambaci sunan marigayi mijinta, Abdulgani. Washegari sai ga hoton Ikram a Fesbuk, kai ba ɗankwali, rungume da ɗan fari tana murmushi, asibiti na yi wa "Abdulgani" barka da zuwa duniya. Alhali Haris, uban yaron, tun cikin yana wata uku ya yi wa uwarsa alkawarin sunan mahaifinsa. Ita kuwa uwar tasa, Hajiya Sharifa, a kasuwa ta gani, masu atamfa suka miƙa mata waya. Ta aiko cewa tunda dangin uwa sun raɗa abinsu, su ci sunansu su kaɗai, ita da mutanenta ba mai taka gidan.

Madam ta zaro takarda ta nuna mata shuɗin tambari. "Ga yatsanki, Mama. Kin amince a buga."

"Yatsana ne, ban musa ba. Ashe ya je lakwal ya koyi Faransanci ban sani ba! Ni ce mini aka yi in dangwala a sallame mu."

"Muna yi ne don taya iyali murna."

"Kai, mun gode! Murna ta cika gida, har 'yata kwana uku ke nan ba ta cin abinci."

Madam ta danna waya, ta juyo da ita. "Shi ke nan, na goge."

"Madalla da ke. Saura ki goge shi daga idon Hajiya Sharifa."

"Wannan kuma maganar gidanku ce."

Inna ta fita ta zauna a benci tsakiyar masu ciki da ke jiran awo, ta kwance bakinta da harshen Sango. "'Ya'yana, in za ku haihu a nan ku zo da hoda da jan baki. Duk Bangui za ta kalle ku, har direbobin Kamaru."

Mace ɗaya ta tashi ta ɗauki jakarta. Ta biyu ta soma neman takalmi.

Madam ta fito da sauri. "Mama, don Allah, me kike so?"

"Ƙafarki nake so. Ki zo gidan surukata, ki ce da bakinki ku kuka matsa wa tsohuwa, yaro bai da suna sai jibi."

"Yanzu? Ina kan aiki!"

"Ni ma kan aiki nake," in ji Inna, ta juya ga mace ta uku.

Madam ta koma ciki ta ɗauko makullin ofis. Inna ta leƙa titi ta tsayar da moto biyu.